Sunan Aro

Tun zamanin da, ba sarkin da ke fita yaƙi sai ya tura magewaya sun dubo masa ƙasar abokan gaba. Su ƙirga dawaki, su ga inda ganuwa ta zube, su ji abin da ake faɗi a bakin kasuwa, sa'an nan su komo su ba da labari. Wannan aikin 'yan kwanaki ne. Mutum ya sa tsumma ya shiga gari kamar falke ko almajiri, in ya gama ya tuɓe ya koma gidansa, 'ya'yansa su tarye shi a ƙofa.

Amma akwai wani irin leƙen asiri wanda ba a tuɓe rigarsa da wuri, wani ma har ya mutu tana wuyansa. Rashawa suka fi kowa ƙwarewa a kansa, a zamanin da ƙasarsu ke shugabancin babbar tarayyar nan da ake kira Tarayyar Sobiyet, wadda ta wargaje a 1991. Bayan Babban Yaƙin Duniya na Biyu, Sobiyet ta ja daga da Amurka da Ingila. Ba su gwabza da juna a fili ba, amma kowa na ƙera makamai, kowa kuma na son sanin abin da ɗan'uwansa ya ɓoye.

'Yan leƙen asirin da Rasha ke aikawa iri biyu ne. Na fari yakan tafi da sunansa da fasfonsa, ya zauna a ofishin jakadan ƙasarsa kamar ɗaya daga cikin ma'aikata. In asirinsa ya tonu, iyakar abin da za a yi masa a ce ya tattara kayansa ya bar ƙasar, don dokar da ke tsakanin ƙasashe ta hana a ɗaure mutanen jakada. Sai dai 'yan sandan ƙasar sun san fuskarsa, duk inda ya sa ƙafa suna biye da shi. Na biyu shi ne wanda ake sake wa suna da asali da harshe, a tura shi ya zauna cikin mutane kamar ɗan gari, ya yi sana'a, ya biya haraji, ya yi abokai, shekara biyar ko goma ko fiye. In an kama shi ba mai tsaya masa, ƙasarsa ma sai ta ce ba ta taɓa jin labarinsa ba. Hausawa sun ce suna linzami ne, watau in an ambaci sunan mutum tilas ya waiwaya. To, abu na farko da irin wannan mutum zai koya shi ne kada ya waiwaya in ya ji sunan da aka raɗa masa, ya kuma waiwaya nan da nan in an kira sunan wani.

Ɗaya daga cikin waɗanda labarinsu ya fito sarari shi ne Konon Molody, wanda mutanen Ingila suka sani da Gordon Lonsdale.

An haifi Konon a birnin Mosko ran 17 ga Janairu, 1922. Ubansa masani ne, ya kuwa rasu tun yaron yana ƙarami. A farkon shekarun 1930, sa'ad da abinci ya yi wuya a ƙasar, uwarsa ta aika da shi Amurka wurin wata 'yar'uwarsu da ke zaune a jihar Kalifoniya. Can ya shiga makaranta, ya iya Ingilishi irin na Amurkawa har ba mai jin bakinsa ya ce baƙo ne. A 1938 ya komo gida. Da Jamus ta auka wa Rasha a 1941 aka yi yaƙin da shi har ƙarshe, aikinsa kuwa samo labarin dagar Jamusawa. Da yaƙi ya ƙare ya shiga makarantar koyon ciniki da ƙasashen waje, ya koyi Sinanci. Daga nan hukumar leƙen asirin ƙasar, wadda aka sani daga baya da KGB, ta ɗauke shi ta yi ta horonsa. Harshe yana da shi, ƙarfin zuciya yana da shi. Saura suna.

A Cobalt, wani ƙaramin garin masu haƙar ma'adini a ƙasar Kanada, an haifi wani yaro a watan Agusta na 1924, aka sa masa Gordon Lonsdale. Uwarsa mutuniyar Finlan ce, ƙasar da ke maƙwabtaka da Rasha. Aure ya mutu, ta ɗauki ɗanta a 1932 ta haye teku da shi zuwa wajen ƙasarsu, ba su ƙara komowa ba. Watau kusan lokacin da jirgi ke kai Konon yamma, wani jirgin na kawo Gordon gabas. Ana kyautata zaton Gordon ya mutu wajen 1943, takardunsa suka faɗa hannun Rashawa. To, ga inda dabarar take. A littafin haihuwa na Kanada an rubuta ranar da yaron ya zo duniya, amma ba a rubuta ranar da ya bar ta ba, tun da yake can nesa ya mutu. Saboda haka a wurin gwamnatin Kanada Gordon yana nan da ransa. Duk wanda ya zo ya ce shi ne, ya faɗi sunan uba da na uwa da ranar haihuwa daidai, sai akawu ya miƙa masa takardar shaidar haihuwa. Da ita ake samun lasin tuƙi, da su biyu ake samun fasfo. Fasfon kuwa na gaske ne, da hatimin gwamnati a jikinsa. Mai riƙe da shi ne kaɗai na jabu.

Haka Konon ya yi. Ya sauka Kanada a 1954, ya tara takardunsa, a 1955 ya isa Landan yana Gordon Lonsdale. Ya fara shiga makarantar koyon harsunan gabas ta Jami'ar Landan, wai zai koyi Sinanci, alhali kuwa harshen da ya riga ya iya ne, sai ya ɓoye iyawarsa ya zauna kamar sabon shiga. Dalilin zuwansa shi ne a ajin akwai hafsoshi da ma'aikatan gwamnati da ake shiryawa don aiki a ƙasashen gabas, Mosko kuwa na son sunayensu da kamanninsu. Daga nan ya kama ciniki. Yana ba da hayar irin akwatin garmahon nan da ake ajiyewa a gidajen shan shayi, wanda in an jefa masa kuɗi sai ya saki waƙa, da kuma akwatunan da ke fid da cingam in an sa kwabo. Ya kama ɗaki a wani katafaren bene kusa da lambun Regent's Park, ya sayi mota ƙirar Amurka. Mutum ne mai fara'a da barkwanci, ga sakin hannu, ga son biki. Abokai suka yi masa yawa, 'yan mata ma haka. Cinikin kuma ya ba shi hujjar fita ƙasashen Turai a kai a kai ba mai tambayarsa.

Wanda ya hango shi daga nesa sai ya ce daɗin duniya yake sha. Amma mai karatu ya duba nauyin da ke kansa. Wanda ya yi ƙarya guda ɗaya yakan sha wuyar tuna ta bayan wata guda. Shi kuwa wannan rayuwa sukutum ya ƙaga, da makarantar da wai ya yi, da unguwar da wai ya tashi, da dalilin da ya sa ba ya da dangi, kuma tilas labarin da ya ba wane bara ya zo daidai da wanda zai ba wance bana. In ya sha abin sha ba shi da damar sakin baki. In ya ji wasu na hira da Rashanci a cikin jirgin ƙasa, sai ya daure fuska kamar yana jin kukan tsuntsu. Abokan da ke cin abinci tare da shi, suna ba shi amanar kuɗinsu da ta gidajensu, wani mutum suke ƙauna wanda ya mutu tun shekaru goma sha da suka wuce. Kuma duk wanda ya shaƙu da shi, ran da abin ya fashe sai ya amsa tambayoyin 'yan sanda, ya kuma zauna yana tambayar kansa ko akwai gaskiya ko ɗaya a cikin abin da ya wuce tsakaninsu.

Babban aikinsa yana Portland, a gaɓar teku ta kudancin Ingila, inda sojan ruwa ke da ma'aikatar binciken na'urorin da ke jin motsin jiragen da ke tafiya ƙarƙashin ruwa. A lokacin Ingila na gina jirginta na farko irin wannan mai aiki da ƙarfin nukiliya, wanda aka sa wa suna Dreadnought. A ma'aikatar akwai wani akawu, Harry Houghton, tsohon sojan ruwa. Ya taɓa aiki a ofishin jakadan Ingila a Warso, babban birnin Polan, a 1951 da 1952, inda giya da cinikin bayan fage suka jefa shi hannun 'yan leƙen asirin ƙasar, su kuma suka miƙa shi ga Rashawa. An komo da shi gida saboda shaye-shayensa, amma maimakon a nisanta shi daga asirin gwamnati sai aka ba shi aiki a Portland. Matarsa ta fari ta kai ƙara tun wajen 1955, ta ce mijinta na kawo takardun ofis gida yana kai wa baƙi. Aka ce kishi ne ke damunta, aka rufe maganar. Da an saurare ta, da an huta da ɓarnar shekara biyar.

Houghton ya jawo wata ma'aikaciya mai suna Ethel Gee, wadda ke ajiyar takardu a ma'aikatar. Ba ta taɓa aure ba, tana zaune da tsohuwar uwarta, shi kuwa ya nuna mata so. Da ya haɗa ta da Lonsdale sai aka ce mata sunansa Alex Johnson, wai hafsan sojan ruwan Amurka ne mai son ya ga yadda Ingila ke amfani da abin da Amurka ke ba ta. Haka dai ta faɗa wa kotu daga baya. Ka ga aro a kan aro ke nan. Sukan zo Landan ran Asabar, yawanci ta farkon wata, su miƙa masa abin da suka kwaso.

Shi kuma sai ya kai wani gida a Ruislip, wata unguwa a bayan garin Landan. Masu gidan miji da mata ne, Peter da Helen Kroger, masu fasfon Niyu Zilan. Mijin na sayar da tsofaffin littattafai masu tsada, yana aika su ƙasa-ƙasa ta gidan waya. Su ma sunan na aro ne. Amurkawa ne, Morris da Lona Cohen. Morris ya yi yaƙin basasar Sifen har aka ji masa rauni, can Rashawa suka ɗauke shi. Lona ita ce a 1945 ta ɗauko asirin bam ɗin nukiliya daga hannun wani matashin masani a jihar Niyu Meziko, ta ɓoye takardar cikin kwalin hankicin takarda ta wuce masu bincike a tashar jirgin ƙasa. A 1950, da aka fara kama abokan aikinsu, suka sulale daga Amurka. Ba su ƙara taka ta ba. A gidansu na Ruislip ake ɗaukar hoton takarda a ƙanƙance shi har ya koma kamar ɗigon alƙalami, a manna a cikin littafi a aika. Wanda ya karɓa sai ya sa a madubin ƙara girma ya karanta. Saƙon gaggawa kuwa ta wayar iska ake bugawa Mosko.

Asirin ta can wani gefe ya fara tonuwa. Wani hafsan leƙen asirin Polan, Michael Goleniewski, ya riƙa aika wa Amurkawa wasiƙu a ɓoye. A 1960 ya gaya musu akwai wani Bature da ya yi aiki a ofishin jakadan Ingila a Warso, sunansa ya fara da harafin H, yana ba da asirin sojan ruwa. Hukumar tsaron cikin gida ta Ingila, MI5, ta sa wa Houghton ido, shi kuwa ya kai su ga Lonsdale bai sani ba. A ƙarshen watan Agusta Lonsdale zai yi tafiya, ya ba banki ajiyar jakarsa. Aka ɗauko ta a asirce, aka buɗe, aka tarad da kyamara da abin kunna taba mai ɓoyayyen rami, cike da 'yan takardun lambobi na warware saƙon asiri. Aka ɗauki hoton kome, aka mai da jakar yadda take. Da ya komo aka bi sawunsa har Ruislip.

A nan aka ɗora wa wasu bayin Allah kayan da ba su ɗauka ba. Gidan da ya fi dacewa a leƙa gidan su Kroger daga cikinsa na wasu maƙwabta ne, miji da mata da 'ya'yansu biyu. Su kuwa aminan Helen ne, takan shigo musu a kai a kai, a sha shayi, a yi hira, ta yi wasa da yaran. Hukuma ta roƙe su su bar ma'aikatanta su zauna a ɗakin sama suna leƙe ta taga, wai na 'yan kwanaki ne. Kwanakin suka zama wata biyu. Uwar gidan nan ba ta taɓa koyon yaudara ba, ba wanda ya hore ta, ba kuma albashi ake ba ta ba. Amma kullum Helen ta ƙwanƙwasa ƙofa, tilas ta buɗe da murmushi, ta ɗora ruwan shayi, alhali ta san akwai mai rubuta shigar ƙawarta da fitarta a bisa kansu. Ta gane shekara da shekaru ƙawarta na yi mata ƙarya, ga shi ita ma yanzu tana rama mata da irinta. Wannan abu ya tsaya wa mutanen Ingila a rai, har aka yi wasan kwaikwayo a kansa a Landan a 1983.

A farkon Janairu na 1961 Goleniewski ya gudu zuwa wurin Amurkawa. Aka ji tsoron Mosko za ta gargaɗi mutanenta, aka ce a kama su kawai. Ran Asabar 7 ga wata, a kan titin Waterloo, Ethel Gee ta miƙa wa Lonsdale kwandon cefane, sai wani babban ɗan sanda mai suna George Smith ya tare su ukun ya karɓe kwandon. A ciki akwai takardun sojan ruwa da fim ɗin hotuna. Da maraice Smith ya isa Ruislip. Da aka ce wa Helen ta shirya a tafi, sai ta nemi a bar ta ta ƙara wa murhun ɗumama gida gawayi. Smith ya ce to, amma ta fara ba shi jakar hannunta. Na'urar wayar iskar ba a gan ta ba sai da aka yi fiye da mako guda ana bincike, sa'an nan aka same ta a rami ƙarƙashin daɓen madafa.

Abin da Helen ta so ta jefa wuta ya fi wayar iskar ban tausayi. Wasiƙu ne tsakanin Konon da matarsa. Ashe yana da mata da 'ya'ya a Mosko, waɗanda ba ya gani sai in tafiyar ciniki ta ba shi hanyar ratsewa, wajen sau ɗaya a shekara. Wasiƙun matar an ƙanƙance su sun zama ɗigo uku a kan ɗan gilashi. Da aka faɗaɗa su aka fassara, ba asirin gwamnati ko ɗaya a ciki, sai maganar gida. Tana ba shi labarin yarinyarsu ba ta ƙoƙari a makaranta. Tana kukan kowane biki ya zo ita kaɗai take zuwa, matan mutane na tare da mazansu. Ta roƙe shi ya aiko mata farar riga ta zuwa biki. Ta ce ƙaramin ɗansu, wanda bai cika shekara uku ba, yana ta tambayar yaushe babansa zai komo, yana cewa wannan wane irin aikin banza ne babansa ke yi. Tare da su akwai amsar da Konon ya rubuta da hannunsa da Rashanci, shafi shida, wadda Helen za ta ƙanƙance ta aika. Yana ba ta haƙuri, yana cewa shi ma kewa ta ishe shi fiye da yadda take zato. Ya ce ga shi ya kusa cika shekara 39, ko saura nawa suka rage masa?

A fasfonsa shekararsa 36. A wannan takarda kaɗai ya ƙirga shekarunsa na gaskiya, saura kwana 10 ya cika su aka kama shi. Wasiƙar ba ta isa hannun mai ita ba. A gaban alƙali aka karanta ta, 'yan jarida na rubutawa.

An yi shari'ar a watan Maris na 1961 a babbar kotun Old Bailey, gaban Alƙalin Alƙalan Ingila, Lord Parker. Lonsdale ya miƙe ya ce duk kayan da aka samu a Ruislip nasa ne, shi ya ɓoye su ba da sanin masu gida ba. Ya yi haka ne don ya fid da su Kroger, amma ba ta yi amfani ba, gama zanen yatsunsu ya riga ya nuna su ne Cohen ɗin da Amurka ke nema tun shekaru. Aka ɗaure shi shekara 25, su Kroger 20 kowanne, Houghton da Gee 15 kowanne. Har aka tashi shari'a bai faɗi sunansa ba, da sunan Lonsdale aka yanke masa hukunci. Amma an tabbata ba shi ba ne, don 'yan sandan Kanada sun bi sawu har Cobalt sun gano an yi wa yaron nan kaciya yana jariri, da likita ya duba fursuna kuwa sai ya tarar ba a yi masa ba. Kayan aro ba ya rufe katara. Hukumar da ta yi shekaru tana shirya takardu da hatimai, wannan ɗaya ta kuɓuce mata. Kafin shekarar ta ƙare masu bincike na Amurka suka kai ga makarantar da ya yi a Kalifoniya, aka san ko shi wane ne.

Bai yi shekara 25 ɗin ba. Rashawa na riƙe da wani ɗan kasuwar Ingila, Greville Wynne, wanda suka ɗaure a 1963 saboda leƙen asiri. Ran 22 ga Afrilu, 1964, aka kai su biyun bakin iyakar birnin Balin aka yi musaya, kowa ya nufi gida. Su Kroger sai a 1969 aka sake su, bayan Rasha ta saki wani malamin makaranta ɗan Ingila mai suna Gerald Brooke. Suka ƙare kwanansu a Mosko cikin mutanen da ba harshensu ɗaya ba, ba ɗa ba jika. Lona ta rasu a 1992, Morris a 1995, ƙasar da suka yi wa bautar ma ta riga su wargajewa. Houghton da Gee an sake su a 1970, suka yi aure a shekarar da ta biyo.

Konon ya koma ga matarsa da 'ya'yansa, aka ba shi lambar girma. Sai dai sunansa ba a mayar masa ba. A 1965 aka buga littafin tarihinsa a Landan, da yardar KGB, a ciki kuwa yana nan a kan bakansa cewa shi Gordon Lonsdale ne haifaffen Cobalt. Ingila ta san ƙarya ne, Amurka ta sani, shi ma ya san sun sani, amma hukuma ba ta yarda a faɗi gaskiya ba. A 1968 aka yi fim a Rasha wanda aka gina a kan labarinsa, mutane suka yi ta tururuwar kallo, jarumin fim ɗin kuma wani suna aka ba shi daban.

Zaman gidan ma bai zo masa da sauƙi ba. Mai karatu ya ƙirga: ƙuruciyarsa a Kalifoniya, ƙarfinsa a Landan, ga shekarun yaƙi, ga na kurkuku. Ƙasar da ya yi wa wannan wahala duka bai zauna cikinta sosai ba. Akwai wani ɗan leƙen asirin Ingila, George Blake, wanda ya yi wa Rasha aiki aka ɗaure shi shekara 42 a 1961. Sun zauna kurkuku ɗaya da Konon a Landan, Blake ya tsere a 1966, suka sake gamuwa a Mosko. Shi ya ba da labari cewa Konon, da yake ya saba da yadda ake tafiyad da ciniki a Landan, bai iya yin shiru a kan sakaci da ɓarnar da ya gani a masana'antun Sobiyet ba, yana faɗi a fili, manya kuwa ba su ji daɗin haka ba. Irin waɗannan hukumomi ba su cika sakin jiki da wanda ya daɗe a waje ba, balle wanda ya kwana a kurkukun abokan gaba. Suna tsoron kada rigar aron ta riga ta manne da fata. Aka bar shi yana zagaya wa ana taruwa yana ba da labarin aikinsa. A watan Oktoba na 1970 ya fita daji da iyalinsa tsintar laimar kwaɗi irin wadda Rashawa ke ci, ya faɗi, bai tashi ba. Shekararsa 48. Tun komowarsa gida shekara shida ne da 'yan watanni. Sai a 1990 gwamnatin Sobiyet ta buga kan sarki da hotonsa, da sunan Molody a ƙarƙashi.

An binne shi a maƙabartar Donskoy a Mosko. Da shekara ta kewayo aka kawo wani abokin aikinsa aka binne kusa da shi. Wannan sunansa William Fisher, an haife shi a garin Newcastle na Ingila a 1903, iyayensa 'yan gudun hijira ne daga Rasha, suka koma da shi gida a 1921. A 1948 aka tura shi Amurka, ya zauna a Niyu Yok yana mai zanen hotuna da sunan Emil Goldfus, sunan wani jariri da ya mutu tun farkon ƙarnin. Shi ne shugaban su Cohen kafin su gudu. Da aka kama shi a 1957, aka matsa masa ya faɗi sunansa, sai ya ce Rudolf Abel. Wannan sunan wani amininsa ne da ya rasu a 1955, ya kuwa faɗe shi ne don in Mosko ta gani a jarida ta gane shi ne aka kama, kuma bai saki baki ba. Aka ɗaure shi shekara 30 da wannan suna. Da shi aka yi musayarsa a 1962 da matuƙin jirgin saman Amurka Gary Powers, da shi ya yi suna a duniya, da shi ake gaishe shi a Mosko har ya tsufa. Da ya rasu a watan Nuwamba na 1971, hukuma ta so ta binne shi yana Abel. Matarsa ta ƙi. Aka yi ta ja, daga baya aka sassaƙa sunayen biyu a kan dutse ɗaya, na haihuwa da na aro.